Shekarar da Inna Ta Shafa wa Iri Mai

Bana ma ruwa yana yi mana rowa. Kullum la'asar hadari zai taso daga kudu, ya yi baƙi ƙirin, mu yi ta rige-rigen kwashe shanya, sai iska ta zo ta watsa shi kamar ba a yi ba. Shekaranjiya ina zaune a rakuba, rumfar da muke shan iska, ina tsince wake a faifai, jikata Nafisa na gefena tana haddar darasin makaranta da ƙarfi kamar mai faɗa da littafin. Da Larabci take yi, ina jin wani ina rasa wani, amma akwai kalma ɗaya da ta yi ta nanatawa har ta ishe ni, wai naƙir. Na ce mata wannan kuma wane ne.

Ta ɗauki ƙwayar wake ɗaya daga faifaina, ta kawo kusa da idona, ta nuna mini gefen baƙin idon nan nasa. Ta ce akwai wata 'yar ƙofa a nan, ba ta kai tsinin allura ba, ita ake kira naƙir. Ta nan abin da ke ba iri rai yake shiga tun yana cikin fure, ta nan kuma yake fara shan ruwa idan an shuka shi. Ta ce ƙwan kifi da na ƙwari ma suna da irinta, ƙofa ɗaya tak. Na ce har da ƙwan kaza ke nan. Ta yi mini dariya, ta ce a'a, na kaza ƙofofinsa ba su ƙirguwa, na numfashi ne, sunansu ma daban. To, ita ta yi karatu, ban yi musu ba, kuma na ji daɗi da na san abin yana da suna. Amma ni kaza ce ta fara nuna mini ƙofar nan, a wata damina da har yau ban manta da ita ba.

Lokacin ana aikin hazzan, babbar madatsar ruwan nan ta Damazin, mazan ƙauyenmu duk sun watse can neman abin kai wa baki, don kakar da ta wuce tsuntsaye sun ci rabonsu a gonakinmu sun bar mana ragowa. Maigidana ya tafi tun da rani. Ya bar ni a ƙauyenmu da ke kudu da Suki tare da uwarsa Inna Kulu, da ubansa Baffa Audu wanda idanunsa suka riga suka tafi, da ɗiyata Ummi da ban daɗe da yaye ta ba. Sunan Inna aka sa mata, shi ya sa ba na kiran sunanta na yanka.

Ni ɗiyar Kamlin ce. A can na tashi, inda ruwa ke biyo magudana ya shigo gona ko sama ta so ko ba ta so ba. Inna ba ta taɓa barin na manta da wannan ba. Ba ta kirana da sunana, sai dai ɗiyar Kamlin, kuma takan ce mutanenmu ba su iya duban sama ba, sai duban mai buɗe ruwa. Gajeriyar mace ce, bushasshiya, maganarta ɗaya. Ni kuma a lokacin bakina ba ya shiru, don haka kullum akwai abin da ke tafasa a gidan ko ba a hura wuta ba.

Iri a hannun Inna yake. Akwai wani wake da muke kira waken gida, ƙanana farare masu baƙin ido, wanda uwarta ta ƙullo a bakin zane tun daga Yamma, sa'ad da suka taso a ƙasa da niyyar Makka tafiya ta tsaya musu a nan. Amfaninsa sauri. Kafin dawa ta yi ciki shi ya riga ya ba ka ganye, ya ba ka ɗanyen ƙwanso, da shi ake ƙetare yunwar tsakiyar damina. Yadda aka saba ajiye shi, a cuɗa shi da toka da yashi, a zuba a tulu, a liƙe baki da laka. Amma shekarar da ta gabata ƙwari sun sami hanya duk da haka, suka huda fiye da rabi. Abin ya ci wa Inna rai ƙwarai. Sai wata ranar kasuwa a Suki ta ga waken wata mata yana sheƙi, ko huda ɗaya babu, ta tambaye ta, matar ta ce man riɗi take shafa masa. Abin da matar take nufi ɗan ɗigo ne a tafin hannu, kuma waken ci take sayarwa. Inna kuwa ba ta iya yin abu rabi ba. Ta juye wa irinta mai har yana naso a ƙwarya, kuma duk tsayuwar wata sai ta fasa liƙin tulun ta ƙara wani. Ina gani, ban kawo komai a raina ba, sai dai haushin miyarmu ba ta ga mai ba wake yana wanka da shi.

Ruwan farko ya zo da wuri, mai yawa. Kowa ya ɗauki saluka, sandar shukar nan mai matakin ƙafa, aka fita aka zuba dawa. Ta tsiro gwanin kyau, layi-layi. Daga nan sama ta rufe. Baƙar lakar gonarmu ta fara tsagewa, tun kana iya sa yatsa har ta kai ƙafar yaro na iya shigewa. Dawa ta naɗe ganye, ta yi ja, ta kwanta. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kogi. A daidai lokacin ya cika ya batse, jajawur da laka, yana kawo itatuwa daga ƙasar Habasha inda ake ta sheƙa ruwa, mu kuwa muna tsaye a bakinsa da tuluna gonakinmu na ƙonewa a bayanmu. Inna ba ta shuka wake da ruwan farko ba, don al'adarta ce sai ƙasa ta ƙoshi. Duk ƙauyen aka yi ta yaba mata, ana cewa Kulu kaɗai ta tsira da iri.

Rumbu ya kai ƙasa. Muka koma kunu da safe, tsararo, sai kuma tuwo ɗan kaɗan bayan la'asar, daga baya tuwon ma ya zama na rana bi rana. Ina fita bakin kogi in tsinko tafasa da lalo, in jiƙa aduwa mu sha ruwanta. Zafi kuwa ba a magana, iska ta tsaya cik, gumi na bin bayanka ko kana zaune. Gashin Ummi ya fara yin ja, cikinta ya fito, ƙafafunta suka zama kamar sillen kara. Da farko tana kuka, daga baya ta daina, sai dai ta zauna inda na ajiye ta tana bina da ido. Ragowar irin dawa da muke da shi, ko an sake shukawa, sai an yi watanni kafin a ci. Waken nan da ke cikin tulu shi ne kaɗai abin da ke tsakaninmu da abin da ba na son faɗa, ko a shuka shi ya tsiro ya ciyar da mu, ko a dafa shi ya riƙe mu na ɗan lokaci. Ban ɓoye wa kaina ba, na fara kallon tulun nan da idon tukunya.

Ina da kaza guda da na zo da ita daga gidanmu. Ƙwan da ta yi, Inna ce ta riƙa tara mini su a ƙwaryar da take cuɗa wake, ta rataye sama don muzuru, har kazar ta nemi kwanci aka zuba mata. Kazar maƙwabciyarmu da suka kwanta lokaci ɗaya ta ƙyanƙyashe har 'yan tsakinta sun fara bin ta, tawa tana nan kwance. Wata hantsi ina ta mita a kan haka, Baffa da ke zaune a bakin ɗakinsa ya ce in miƙo masa ƙwai ɗaya. Ya juya shi a yatsunsa, ya kai hanci.

"Wa yas shafa ma ƙwai mai?" ya tambaya.

Na gaya masa ba wanda ya shafa, a ƙwaryar wake dai aka tara su. Ya ce ai ƙwai numfashi yake yi ta ɓawonsa, in mai ya toshe shi abin da ke ciki ya mutu. Na fasa ɗaya a bayan danga, wari ya kore ni. Na dawo zan ci gaba da faɗa a kan ƙwaina, sai na ga fuskar Baffa ta sauya. Can ya ɗaga murya kaɗan.

"Kulu, kawo min wakenki in taɓa."

Inna ta ce ba a buɗe iri ba ranar shuka ba, ita da take buɗe shi duk wata. Ya sake faɗa, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Ta je ta ɗebo ta zuba masa a hannu. Waken ya yi kyau, ba zan ƙi faɗa ba, yana ƙyalli, ko huda ɗaya babu. Baffa ya murza, ƙwayoyin suna zille masa. Ya kama ɗaya ya bi idonta da farce, ya ce a nan gefen akwai 'yar kafar da wake ke shan ruwa, shi tun yana da ido ubansa ya nuna masa. Ya ce abin da ya hana ƙwaro shiga yana tsoron shi zai hana ruwa shiga.

"Wake ba ƙwai ba na," in ji Inna. "Tun ba a haihi uwar ɗiyar ga ba nike aje iri."

Ta faɗa da ƙarfi, amma da ta karɓi waken sai na ga ta ɗaga ƙwaya ɗaya tana duban idonta. A nan tsoro ya kama ni sosai, don ban taɓa ganin Inna ta yi shakkar aikin hannunta ba.

Baffa ya sa muka ƙulle ɗan kaɗan a jiƙaƙƙen tsumma muka ajiye a gindin randa. Wake na kirki kwana ɗaya ya ishe shi kumbura. Wannan kuwa da na kwance da safe yana nan kamar tsakuwa, ruwa ya tsaya masa ɗigo-ɗigo a jiki. Muka ci gaba da dubawa kowace safiya, ni in duba in na zo ɗiban ruwa, Inna ta duba in ta ga ba na kusa. Daga baya wasu suka kumbura suka yi yauƙi suka ruɓe, 'yan ƙalilan suka tsage suka fito da farin tsiro, mafi yawa ba su ce komai ba. Da duk sun mutu da mun huta, mun dafa. Da duk sun tsiro da mun huta. Sai suka bar mu a tsakiya.

Ranar na yi wa Inna maganar da ban taɓa yi mata ba. Na ce a dafa. Na ce ba zan zuba ido a binne abincin ɗiyata a laka ya ruɓe ba saboda wake ya zo daga Yamma. Na ɗauko Ummi na ajiye ta a gabanta, na ce ta dubi takwararta. Inna ta dube ta, ta daɗe, sannan ta ce in an dafa za mu ƙoshi har tulun ya ƙare, daga nan kuma sai me. Maganar ta ƙara mini fushi.

Baffa ne ya raba mu. Ya ce a tsiyaye ruwan toka mai ƙarfi, irin na sabulu, a wanke waken a cire man, wataƙila ƙofar ta buɗe ga waɗanda ba su riga sun shaƙe ba. Amma ya ce mu sani, da zarar wake ya taɓa ruwa ba ya komawa tulu, sai ƙasa ko tukunya. Don haka ba za a wanke ba sai an tabbata ruwa na tafe. Ya ce shi zai faɗi ranar.

Jiran nan ya fi yunwar wuya. Kullum Baffa zai sa a fitar da shi tsakar gida ya juya fuska kudu, yana shaƙar iska, ya tambaye ni ko tururuwa sun fara kwashe ƙwansu. Hadari ya taso ya ce ba wannan ba. Wani ya taso har da tsawa, ya ce ba wannan ba, kuma bai zuba ba. Sai wata safiya da sama take fes, ba ko gajimare, iska mai ɗan sanyi ta taɓa mu daga wajen kogi, ya ce, "Kalas, shi ke nan, ku wanke."

Muka zauna ni da Inna a kan babbar ƙwarya. Ruwan toka yana cin hannu, tsagar da ke yatsuna ta riƙa zogi kamar an zuba barkono. Muna cuɗawa da ɗan yashi, man yana tasowa yana yin kumfa mai ruwan ƙasa, mu zubar mu sake. Muka ɗauraye muka baza a inuwa ya sha iska. Kafin mu tashi Inna ta cika ludayi ɗaya da waken, ta turo gabana ba tare da ta dube ni ba, ta ce a dafa wa yarinya. Na dafa ya yi laushi na dame mata. Ummi ta cinye ta lashe hannu, ni kuma na juya baya don kada a ga idona.

Da azahar aka yi nafir, wato gayya. Babu maza, sai mata da tsofaffi, kuma ba mu da abin da za mu ba su ko kunu, amma suka zo da salukarsu, don kowa na sa ran in waken Kulu ya yi zai sami na shekara mai zuwa. Ba wanda muka gaya wa zancen mai. Ƙasa ta yi tauri, saluka na tsalle, a huda da ƙyar a jefa a take da diddige. Kafin mu gama hadari ya haɗu, ya rufe kudu duka, mata suka fara murna. Muna komawa gida iska ta taso ta kwashe shi ta yi gabas da shi. Ko ɗigo bai sauka ba.

Washegari rana ta fito da zafinta tun da hantsi. Jiƙaƙƙen iri a cikin busasshiyar laka mai zafi ba ya jira, kowa ya san wannan. Tulu ya zama wofi, rumbu ya kusa, abin da za mu ci yana can yana gasuwa a ƙasa. Zan faɗi gaskiya, ranar na tsani Inna, na tsani Baffa da hancinsa, na tsani ranar da aka kawo ni ƙasar da ake noma da duban sama. Na dama ɗan kunu na kai wa kowa. Inna ta ture nata ta ce azumi take. Magariba ta yi na sake kai mata, ta sha ruwa kawai ta ce a ba yarinya. Baffa ya yi mata magana ta ce ba ta jin yunwa.

Sai la'asar ta gaba ruwan ya zo. Bai yi wata sanarwa ba, iska ta kaɗa sau ɗaya, ƙamshin ƙasa ya bugi hancinmu, sai kawai aka ɓalle. Rakuba ta faɗi, tsakar gida ta zama tafki, rufin ɗakina yana zuba ta ko'ina, ina tsaye da Ummi a kafaɗa ina jin sanyi yana ratsa ni, ban san dariya nake ba ko kuka. Aka yi ta yi har gari ya waye. Sai kuma wani sabon tsoro, don baƙar laka in ta sha da yawa riƙe ruwa take, iri ya ruɓe a ciki. Ba mu sani ba ko ruwan ya riski waken da rai, ko kuma shi zai ƙarasa shi.

Yanzu ana sayen iri a cikin leda, da hoton ganye a jiki, in bai tsiro ba a koma wa mai shago da faɗa. A lokacin ba wanda za ka koma wa. Inna ta riƙa fita tun da asuba, ita kaɗai, laka na kama ta har ƙwauri, ta dawo ta shige ɗaki. Ni ban je ba, na kasa. Ina dai kallon ƙafafunta in ta shigo, in ga ko tafiyar ta sauya. Kuma har lokacin ba ta cin komai, sai ruwa da ɗan jiƙon aduwa. Idanunta suka faɗa, zanenta ya fara zamewa daga ƙugu. Tun ina cewa a raina ita ta jawo, har na koma ina tsoron wata safiya za ta faɗi a gona ba mai gani. Na kai mata kunu na durƙusa, abin da ban saba ba, na ce don Allah Inna ki sha. Ta ce, "Na ci rabona, ɗiyar Kamlin. Cikin tulu na zuba shi."

Wata safiya ta daɗe ba ta dawo ba. Rana ta ɗaga, na goya Ummi ina shirin bin sawu, sai ga ta ta shigo, laka har gwiwa da tafin hannu, alamar rarrafe ta yi a gonar. Ba ta shiga ɗaki ba. Ta zo ta zauna a ƙasa kusa da murhu, ta jingina da danga, tana numfashi sama-sama. Baffa ya juyo da fuskarsa wajen motsinta.

"Rabin gonar ƙasa ta tsirara," ta ce. "Kar wadda tay yi min guɗa."

Na tsaya da goyo ina juya maganar, sai da na ɗan jima kafin na gane cewa in rabi tsirara ne, ɗaya rabin ya fito ke nan. Na zauna a kan turmi. Baffa ya sunkuyar da kai yana motsa baki.

Inna ta miƙa hannu wajen tukunyar kunu da ke gefen murhu, hannun bai kai ba.

"Akwai saura ciki?"

Akwai ɗan kaɗan a gindi, ya yi sanyi ya kama. Na kankare shi duka na zuba mata a ƙoƙo. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce in sauko mata da yarinyar. Ta ɗora Ummi a cinyarta mai laka, ta ba ta kurɓi ɗaya, ita ma ta kurɓi ɗaya, haka suka yi ta yi har ƙoƙon ya ƙare.